Na Je Largo Ɗauko 'Yata

Tun da na dawo, duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa sai ta ce, "Hajiya Rabi, ya Amurka?" In ce lafiya lau. Sai ta gyara zama tana jiran saura. Matan ajinmu na Islamiyya sun tambaya, maƙwabta sun tambaya, har mai kawo mana ruwa ya tambaye ni ko da gaske ne ba a ɗauke wuta a can. Sau biyu na gwada ba da labarin da baki, kuma duk a wuri ɗaya muryata take tsayawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Karatuna ba mai zurfi ba ne, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Ba buɗe ido na je ba. 'Yata ta fari ce take aure a wani gari da ake kira Largo, kusa da Washington. Ba na kama sunanta, don haka zan ce Magajiya, yadda ƙannenta suke faɗa. Mijinta, Malam Sanusi, mutumin wani ƙauye ne a bayan Dutsin-Ma, aikin haɗa magani yake yi a asibiti. Ɗansu ɗaya ne, Haruna, sunan mahaifin mijin aka sa masa. Ni angona nake ce masa. A waya kawai na san shi. Ina yi masa Hausa yana mayar mini da Turanci, in ce ango ina zanen sallata, sai ya nuna mini motar roba. Don in je in gan shi aka fara nema mini biza. Kafin ranar ganawa ta zo ya kwana biyu da zazzaɓi, Allah Ya karɓi abinSa. Shekararsa huɗu.

Bayan wata biyar Magajiya ta kira ni ta ce, "Inna, ki zo. In za ki koma, tare za mu koma." Na ce hutu za ki zo? Ta ce a'a. Ban ƙara tambaya ba, amma na fahimci auren ne yake shirin mutuwa.

A ofishin jakadanci a Abuja, Baturen da ke bayan gilashi ya tambaye ni ta bakin tafinta wa zan je gani. Na ce jikana. Sai na tuna. Na ce 'yata. Ya dubi takarda, ya dube ni, ya karɓi fasfo.

A filin jirgi aka turo mini keken marasa lafiya, wai Magajiya ce ta nema don kada in ɓata. Na ƙi hawa. Na ce ni da ƙafata lafiya ba zan jawo wa kaina ciwo ba. Da muka sauka Istanbul don canjin jirgi na ga girman wurin, da kaina na ɗaga wa mai keken hannu. Abincin jirgi kuwa, naman ban san wa ya yanka ba, sai na ci burodi da dabinon da na ƙulle a bakin mayafi.

Da muka isa, wani kare mai riga ya zo ya zauna daidai akwatina. Hankalina ya tashi, don kayan sallata suna sama. Aka kai ni gefe aka buɗe. Dambun naman da mahaifiyar surukina ta aiko masa aka fara ɗaukewa, aka ce nama ba ya shiga ƙasar. Sai ma'aikacin ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci. Ya ja da baya ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shinshina, suka yi ta shawara. Na nuna bakina na ce miya. A ƙarshe suka bar mini ita da kuka da kuɓewa, ina jin don babu mai son ajiye ta a ofishinsa.

Su biyun suka zo tarbata, amma tsakaninsu mutum biyu za su iya wucewa. Surukina ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar jama'a ya gaishe ni, Turawa suna kewaye shi da akwatunansu. Ya ɗauki kayana ya yi gaba. Magajiya ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Na ce, "Kun yi haƙuri." Ta ce, "Mun gode Allah." A mota babu wanda ya sake magana sai matar da ke cikin waya tana faɗin hanya.

Gidajen unguwarsu a manne suke da juna, na katako, hawa uku. Kana jin tarin maƙwabci amma ba ka san fuskarsa ba. Magajiya ta ce da aka yi rasuwar, maƙwabciyar furanni ta ajiye a bakin ƙofa da kati, ta danna ƙararrawa ta tafi. Ɗakin yaron aka ba ni. Babu komai nasa a ciki, ko takalmi. Ta ce ranar bakwai uban ya tattare kayan duka ya bayar, bai shawarce ta ba. Washegari na kunna turaren wuta don ɗakin ya yi ƙanshin mutane, sai wani farin abu mai jin hayaƙi a rufi ya kama ihu. Surukina ya hawo da gudu, ya gan ni babu mayafi, ya juya baya, ya miƙa hannu ta baya yana lalube har ya kashe shi.

Kwana uku suka ishe ni in gane zaman gidan. Shi a ɗakin ƙasa yake, can ƙarƙashin gida. Ita a sama. In akwai magana sai a rubuta a manna jikin firij. Na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, na ga kwanonsa ya dawo a wanke, amma ban ga lokacin da ya ci ba.

Rana ta huɗu, bayan sallar asuba, na ga Magajiya ta zauna a kan darduma, ido a rufe, hannu a gwiwa. Babu carbi, leɓe ba ya motsi. Na jira har ta buɗe ido.

Na ce, "Wannan wane wuridi ne?"

Ta ce, "Ba wuridi ba ne, Inna. Numfashina nake bi. Dokta Rut ce ta koya mini."

Ta yi mini bayani. Wai likita ce, amma ba ta allura ba ta ƙwaya, magana ce maganinta. Ma'auratan da suka kasa zama suke zuwa wurinta duk mako, su faɗi abin da ke tsakaninsu. Wata huɗu ke nan suna zuwa, ranar Alhamis. Na ce Musulma ce? Ta ce a'a. Kirista? Ta ce addinin Buda take bi.

Na taɓa ganinsu a talabijin, masu zama gaban gunki. Da ta fita cefane na duba jakarta da ƙarƙashin matashinta. Ban sami komai ba. Hakan bai kwantar mini da hankali ba. Sirrin aure da ko ni uwarta ban ji ba, an kwashe an kai wa baƙuwa. Kuma tun da aka fara zuwa, abin da ya fito shi ne 'yata za ta bar gidan mijinta.

Ranar Lahadi aka kai ni Fort Washington, gidan wani likita ɗan Kano, inda matan Hausawa suka taru don yi mini sannu da zuwa. An yi waina da miyar taushe, amma a faranti na takarda. 'Ya'yansu suna zuwa a ce su gaida Hajiya, su ce "ina wuni" su ruga. A nan na haɗu da Hajiya Zinatu, 'yar Maraɗi, wadda take aiki a gidan rediyon da ke watsa shiri da Hausa. Doguwa ce, mai dariya da ƙarfi. Na ja ta gefe na tambaye ta matar nan.

Ta ce, "Lokotoro Rut? Na san ta. Mi kike tsoro, Hajiya? Ta mai da ɗiyarki 'yar Sin?"

Na ce ba abin dariya ba ne.

Ta ce, "Wallahi ba shi ne ba. Amma nan babu gwaggo, babu kawu, babu liman na unguwa da ya san kakanka. Kowa shina aiki. In aure ya ɗau wuta, randebu ake ɗauka." Randebu, wai alƙawarin ganawa ke nan a bakinsu.

Ranar Laraba Magajiya ta ce Dokta Rut tana so in zo zaman gobe, tunda da ni za a tafi. Na ce dama ina son ganinta.

Ofishin yana cikin Washington, a bene ɗaya da mai cire haƙori. A bakin ƙofar akwai wata 'yar na'ura tana shuu kamar ruwan sama, wai don na waje kada ya ji abin da ake faɗa a ciki. Na riƙe wannan a raina. Da ƙofa ta buɗe sai na ga ba 'yar Sin ba ce. Baƙar mace ce, ta girme ni, gashi fari an aske shi ƙasa-ƙasa, ƙafa babu takalmi. Da za ta ɗaura zani sai ka ce daga garin Giwa ta zo. Na bi ɗakin da ido ina neman gunkin. Babu. Amma a kan wata kantar katako akwai wata da'ira mai tsabta a tsakiyar ƙura, inda aka ɗauke wani abu.

Kujeru huɗu ne, suna fuskantar juna, gwiwa kusa da gwiwa. Na zauna. Surukina ya dubi kujerar da ke daidai da tawa, ya koma bakin ƙofa ya zauna a ƙasa. Dokta Rut ta dube shi, ta yi murmushi, ta sauko ita ma ta zauna a ƙasa, ta yafito Magajiya. Aka bar ni ni kaɗai a sama kamar alƙali.

Ta ɗauko wani kwanon tagulla ta buga da ɗan itace. Ƙarar ta daɗe ba ta mutu ba. Ni dai ina karanta Ayatul Kursiyyu. Sannan ta yi magana a hankali, Magajiya tana fassara mini. Ta ce yau tana so kowa ya ambaci yaron da sunansa. Ta dubi takardarta ta ce, "Haruna." Ta ce wa surukina ya ɗago ya dubi matarsa cikin ido, ya faɗi sunan, ya faɗi abu ɗaya da yake kewa.

Ya dubi kafet. Ta jira. Ta sake faɗa da murya mai taushi. Na ga gumi yana bin bayan kunnensa, ga shi ana sanyi. Ta ce ga surukarka nan, ita ma tana son ta ji. Sai ya ce da Hausa, "Inna, a gafarce ni." Ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita.

Magajiya ta ce, "Kin gani ko? Haka yake. Ko sau ɗaya."

Da la'asar ta nuna mini a waya ta sayi tikiti, kujera kusa da tawa. Saura kwana goma sha shida.

Na sami abin da nake zargi. Na kira Hajiya Zinatu na ce ta raka ni, ina da magana da matar nan, kuma ba na son 'yata ta fassara. Ranar Litinin muka hau jirgin ƙasa daga Largo, inda layin ya ƙare. A tashar da muka sauka matakala ce mai tafiya da kanta, doguwa kamar za a fito daga rijiya. Ta kama bakin zanena. Hajiya Zinatu ta fizge shi tana cewa, "Ku 'yan Najeriya, ko matakala sai kun yi rigima da ita."

Dokta Rut ta ba mu lokacin cin abincinta. Ban bari ta buga kwano ba. Na nuna kantar nan na ce me aka ɗauke a can? Ta buɗe kabad ta nuna mini, ɗan mutum-mutumi ne a zaune, bai kai butar shayi ba. Ta ce ranar farko ta ga Malam Sanusi ya kasa zama saboda shi, tun daga nan take ɗauke shi duk ranar da za su zo. Na ce to ɓoyewa ke nan. Ta ce haka ne, ana iya kiransa haka.

Na ce wa Hajiya Zinatu, "Tambaye ta 'yar waye, kuma wa ya sa ta shiga tsakanin miji da mata."

Ba ta ji haushi ba. Ta ce mahaifinta limamin coci ne a wani ƙaramin gari a kudu. Ta fara aiki tana buga takardu a kotun da ake raba aure, shekara goma sha ɗaya tana ganin mutane suna shigowa tare suna fita ta ƙofa daban-daban. Na ce tana da miji? Ta ce ta yi, sun rabu. Na dubi Hajiya Zinatu na ce, "Bazawara ce take gyaran aure?" Ta ce, "In hwaɗa mata haka?" Na ce faɗa mata. Dokta Rut ta yi dariya ta ce mahaifiyarta ma haka ta ce.

Sannan ta ce suna da 'ya, mota ta kaɗe ta tana da shekara tara. Bayan haka ita da mijin suka zauna shekara biyu a gida ɗaya ba su ambace ta ba, kowa yana jin ɗayan ya manta. Ya tafi. Ita kuma ta kasa shiga coci, don duk wanda ya gan ta sai ya gaya mata dalilin da ya sa Allah Ya yi haka. Wata abokiyar aikinta ta kai ta wurin masu bin Buda, inda ake kwana goma ba a magana. Ta ce a nan ne karo na farko aka bar ta da baƙin cikinta ba a yi mata bayaninsa ba. Ta koma makaranta tana da shekara arba'in, ta karanci halin ɗan'adam. Shekara talatin ke nan tana wannan aiki.

Na yi mata ta'aziyya, don ya kamata. Amma na ce wadda ta bar addinin ubanta, me zai hana ta raba 'yata da nata? Ta ce ba ta taɓa kiran kowa zuwa addininta a ɗakin nan ba, in na ga dama in tambayi Magajiya. Na ce to auren fa, gyara shi za ki yi ko kashe shi? Ta ce ba ta yi wa kowa alƙawari. Wasu suna fita tare, wasu tana taimakonsu su rabu ba tare da sun yayyaga juna ba. Wannan amsa ba ta yi mini daɗi ba, har yau.

Sai ta ce ita ma tana da tambaya. Me ya faru ranar Alhamis? Ta ce ta ga kamar surukina tsorona yake ji.

Na ce ba tsoro ba ne, kunya ce. Na yi mata dalla-dalla. Mutumin kirki a wurinmu ba ya zama daidai da uwar matarsa, ba ya cin abinci a gabanta, balle ya buɗe cikinsa. Ɗan fari kuma ba a kama sunansa, ba a nuna ana son sa a gaban mutane, musamman mutanen ƙauyensu da suke da jinin Fulani. Yaron yana da rai ma "mutumin nan" yake ce masa. Ga shi sunan da kika karanta sunan mahaifinsa ne, wanda bai taɓa fita daga bakinsa ba tun da aka haife shi. Kika haɗa masa ukun a zama ɗaya, kika ce kuma ya ɗaga ido.

Hajiya Zinatu ta daɗe tana fassarawa. Dokta Rut ta sa hannu ta rufe bakinta. Ta ce shekara talatin tana zaunar da mutane ido cikin ido, don a wurinsu wanda ya kawar da kai yana ɓoye wani abu ne. Ta ce wata huɗu tana matsa wa mutumin nan ya yi abin da a wurinsa rashin tarbiyya ne, kuma duk sanda ya kasa, matarsa tana kallo. Ta ce laifinta ne, ya kamata ta tambaya tun farko. Ban yi zaton za ta faɗi haka ba.

Ta ce to in namiji a wurinku zai faɗi magana mai nauyi, yaya yake yi? Na tuna marigayi maigidana. Ranar da mahaifina ya rasu, yana tsugune yana gyaran sarƙar kekensa, ya ba ni baya, a haka ya gaya mini. Na ce ba a fuska da fuska ba. Ki juya kujerun. Kada ki nemi suna, ki ce yaron. Ni kuma kada ki sake kirana ciki.

Da na koma gida na sami Magajiya a kicin na gaya mata inda na je. Na ce ai kin san al'adar nan, a cikinta kika tashi.

Ta ce, "Na sani, Inna. Amma a gida in uba ya yi shiru, akwai masu yi masa kukan. Ƙannensa mata za su zo su ce mini, yayanmu fa ba ya cin abinci. Gwaggonsa za ta ce ta gan shi a bayan gida yana share ido. A nan wa zai gaya mini? Ni da bango ne. Na haifi ɗa, na binne shi, kuma a gidan nan kamar ba a taɓa yin sa ba."

Ni ma tun zuwana ban ambace shi a gabanta ba.

Saura a shawo kan surukina, don ya rubuta a firij cewa ba zai koma ba. Ranar Laraba da ya dawo aiki na ji ya sauka ɗakinsa. Na je na tsaya a bakin matakalar, inda ba ya ganina ba na ganinsa. Na yi sallama. Na ji ya miƙe tsaye, ko da yake babu mai ganinsa.

Na ce, "Gobe za ka koma wurin matar nan. Sau ɗaya. Ni ba zan shiga ba."

Ya ce, "To, Inna."

Na juya zan tafi sai na ji ya ce, "Inna." Na tsaya. Sannan ya ce, "Ranar farko ta ce mu tafi asibiti. Ni na ce mura ce. Ni na ba shi magani da hannuna na ce a bari sai gobe."

Na riƙe ƙarfen matakalar. Na san abin da ake cewa, kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Amma na san an gaya masa haka sau ɗari. Na ce, "Na ji. Amma ba ni za ka gaya wa ba."

Ranar Alhamis na zauna a waje kusa da na'urar da ke shuu. Da za su shiga na hango kujeru biyu an jera su gefe da gefe, suna kallon taga, ta Dokta Rut tana can baya. Aka rufe ƙofa. Na kasa kunne, ba zan ɓoye ba, amma ban ji ko kalma ɗaya ba. Lokacinsu awa ɗaya ne. Wasu Turawa biyu da ke bayansu suka zo suka zauna suna duba agogo, har suka gaji. Da aka buɗe, shi ya fara fitowa ya wuce da sauri, hula a hannu. Ita ta fito fuska a kumbure. Ba su riƙe hannu ba, ba su dubi juna ba. Dokta Rut ta kawo mini shayi a kofi. Na karɓa na riƙe har ya huce, ban sha ba.

Masu tambayata ko na yarda da matar nan, ga amsa. Ban yarda da kwanonta ba, ban yarda da abin da ke cikin kabad ɗinta ba, kuma har na taho ina lura da zaman da Magajiya take yi bayan asuba. Na ce mata in dai sai ta bi numfashin, to ta riƙa sa istigfari a ciki. Ta ce dama tana yi. Abin da zan iya shaida shi ne na gaya wa matar nan ta yi kuskure, ta karɓa a gaban baƙuwa, ba ta kare kanta ba. Ban san malamai da yawa da za su yi haka ba.

Kwanakin da suka rage ban ga wani babban canji ba. Sun koma wurinta sau ɗaya. Wata rana da na hau sama bayan magariba na ji ƙarar cokali biyu a kicin. Ban sauko ba. Magajiya ba ta ce mini komai game da tikitin ba, ni ma ban tambaya ba. Ana jibi tafiya na ga ta fito da babban akwatinta tana shirya kaya a ɗaki, ƙofa a rufe. Na ce shi ke nan.

Ranar tafiya surukina ya sa akwati biyu a mota, nawa da nata. Ta shiga da jakar hannu da rigar sanyi. A filin jirgi ya ɗora su a sikeli, ta miƙa fasfo ɗaya, nawa. Ma'aikaciyar wurin ta liƙa wa akwatunan biyu sunana.

Na ce, "Naki fa?"

Ta ce, "Tsarabar ƙannena su Bilki ce a ciki, da ta mahaifiyarsa. Na rubuta sunan kowa."

Na dube ta. Ta ce, "Ban ce na fasa ba, Inna. Na ce ba yau ba."

Na ce Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri. Surukina ya durƙusa, na sa masa albarka. Mai keke ya zo, na hau ba gardama. Da ya tura ni za mu sha kwana na waiwaya. Suna tsaye inda na bar su, ita tana neman wani abu a jaka, shi yana riƙe mata rigar sanyi.

A cikin jirgi mutane suka yi ta shigowa suna wucewa. Duk mace mai mayafi da ta doso sai gabana ya faɗi. Aka rufe ƙofa. Ma'aikaciyar jirgin ta zo ta nuna kujerar da ke kusa da ni, ta yi mini alamar ko akwai mai zuwa. Na girgiza kai. Ta ɗaga hannun kujerar da ke tsakani, ta nuna mini in miƙe ƙafa.

Na ɗora ƙafafuna a kan kujerar 'yata, na ja mayafi na rufe fuska. Sai a lokacin na yi wa angona kuka.